Yadda Aka Sauya wa Tumaki Lokacin Haihuwa

A ƙasarmu tunkiya ba ta da watan haihuwa. 'Yanƙasa ce ko Uda ko Balami, in dai ta ƙoshi, ko yaushe tana iya ɗaukar ciki. Amma a ƙasashen sanyi kamar Ingila ba haka abin yake ba. Can yawancin tumaki ba su karɓar rago sai da kaka, su yi wata biyar da ciki, su haihu da fitowar sabuwar ciyawa. Saboda haka sai 'ya'yan tumaki su cika kasuwa lokaci guda, kuɗinsu ya faɗi, makiyayi ya yi ta ciyad da garke sauran shekara ba riba.

An daɗe ana neman dabarar wannan. A cikin 1930 waɗansu masana biyu na Jami'ar Kalifoniya, Cole da Hart, suka gano wani sinadari cikin jinin goɗiya mai ciki, wanda ke sa ƙwan mace ya nuna. Da aka yi wa tumaki allurarsa ba a lokacinsu ba, sai ƙwai ya fito, amma galibinsu suka ƙi tsaya wa rago. Ashe an sami rabin magani ne.

Sannu a hankali sauran ya bayyana. A 1948 Dutt da Casida suka nuna a Amurka cewa allurar furojestaron, watau sinadarin da ke riƙe ciki, tana tsai da sha'awar tunkiya, in an daina kuwa sha'awar ta taso. A 1949 Yeates ya tabbatar a Kambirij cewa gajartar yini ce ke ta da tumaki, ba sanyi ba. Sa'an nan aka gane in furojestaron ya rigayi sinadarin goɗiya shiga jiki, tunkiya takan yarda da barbara.

To, amma wa zai iya bin tumaki ɗari da allura kullum? Wanda ya warware wannan shi ne Robinson na Jami'ar Sidni ta Ostareliya. A 1965 ya bayyana dabarar jiƙa ɗan soso da maganin, a sa shi cikin farjin tunkiya kwana 12 zuwa 14. Ran da aka zare shi a yi mata allurar sinadarin goɗiya, bayan kamar kwana biyu garke duka ya nemi rago.

Duk da haka dabarar ba ta rasa aibi ba. Ramammiyar tunkiya ba ta cika ɗauka ba ko an yi mata. Har ila yau ana ƙorafi bisa wahalad da goɗiyoyin da ake ɗibar jininsu a Ajantina da Yurugwai da Aisilan.

Mu nan yini da dare ba su da tazara mai yawa, don haka abin da ke hana tumakinmu yawaita yunwar rani ce da cuta. Wanda ya tanadi harawa da dusa tun kaka ya riga ya yi babban rabin aikin.