David Gulpilil: Ɗan Wasan da Ya Kai Harshensa Majigi

Lokacin da Turawan Ingila suka fara zama a Ostareliya cikin shekara ta 1788, sun tarar da mutane masu harsuna fiye da 250. Su ne ake kira Aborijin, watau 'yan asalin ƙasa. Turawa suka ƙwace musu filaye, suka tara da yawansu a sansanonin gwamnati da na mishan. Sai a 1967 aka yi ƙuri'ar raba-gardama, aka yarda a riƙa sa su cikin ƙidayar jama'ar ƙasa. Haka abin yake a sinima. Ban da fim ɗin Jedda na 1955 da wasu 'yan kaɗan, da wuya a ba Aborijin babban matsayi. Wani lokaci ma Bature ake shafa wa baƙin fenti ya fito a madadinsa. Mutumin da ya fi kowa sauya wannan hali shi ne David Gulpilil.

An haife shi wajen 1953 a yankin Arnhem, can arewacin ƙasar, cikin kabilar Yolngu. A daji ya tashi, ya koyi farauta da bin sawu da rawar gargajiya. Yana jin harsunan yankinsu da dama tun kafin ya san Ingilishi. Daga baya ya shiga makaranta a garin Maningrida.

A 1969 wani mai shirya fim daga Ingila, Nicolas Roeg, ya je Maningrida yana neman yaron da zai sa a fim. Ya ga Gulpilil yana rawa, ya ɗauke shi. Fim ɗin, mai suna Walkabout, ya fito a 1971. Labarin wata budurwa Baturiya ne da ƙanenta da suka ɓata a hamada, wani saurayi ɗan asalin ƙasa ya cece su. A cikinsa Gulpilil yana magana da harshensa, amma ba a fassara wa 'yan kallo ko kalma ɗaya ba. Budurwar ta yi ta neman ruwa da Ingilishi bai gane ba, sai da ƙanenta ya yi masa nuni da hannu. Saurayin ba shi da suna a labarin, shi kuma Gulpilil an rubuta sunansa ba daidai ba, an sa "Gumpilil". Duk da haka fim ɗin ya kai shi Landan da Faransa tun bai cika shekara 20 ba.

Daga nan ayyuka suka yi ta zuwa. Ya fito a Storm Boy a 1976, da The Last Wave na Peter Weir a 1977, da Crocodile Dundee a 1986, wanda ya yi kasuwa ƙwarai a duniya. A 1987 gwamnati ta ba shi lambar girma ta ƙasa. Amma a yawancin finafinan nan aikinsa ɗaya ne: ya nuna wa Bature hanya, sa'an nan ya koma gefe. Sunan da ya yi bai kawo masa dukiya ba. In an gama ɗaukar fim yakan koma Ramingining, inda ya daɗe yana zaune a bukkar kwano. Giya kuma, wadda ya saba da ita bayan shigarsa harkar fim, ta dame shi shekaru masu yawa.

Shekara ta 2002 ce ta juya al'amarinsa. A Rabbit-Proof Fence ya fito a mai bin sawun da aka tura ya kamo 'yan mata uku da suka gudu daga sansanin gwamnati. Labarin ya faru da gaske a 1931, zamanin da ake raba 'ya'yan Aborijin da iyayensu da ƙarfi, abin da sai a 2008 Firayim Minista Kevin Rudd ya nemi gafara a kansa. A shekarar 2002 ɗin dai Rolf de Heer ya ba shi jagorancin fim a The Tracker. Nan ma mai bin sawu ne, har da sarƙa a wuya, amma a hankali ɗan kallo zai gane cewa shi ne ke juya Turawan da yake yi wa jagora. Da wannan ya ci kyautar gwarzon ɗan wasa ta ƙasar.

Bayan haka Gulpilil ya matsa wa de Heer su yi fim a ƙasar kakanninsa, da mutanensa, da harshensu. Ya nuna masa wani hoto da masanin al'adu Donald Thomson ya ɗauka a shekarun 1930, na mutum goma cikin kwale-kwalen ɓawon itace. Daga hoton nan aka ƙulla Ten Canoes, watau kwale-kwale goma, wanda ya fito a 2006. Dukan 'yan wasan da harshen Yolngu suke magana, aka rubuta fassara a ƙasan hoto. Ɗansa Jamie yana cikin manyan 'yan wasan, shi kuwa Gulpilil shi ne mai ba da labari. Shekara 35 ke nan bayan Walkabout. Fim ɗin ya sami kyauta ta musamman a bikin finafinai na Cannes a Faransa.

To, amma wahala ba ta ƙare ba. A 2011 kotu ta ɗaure shi shekara ɗaya saboda ya ji wa matarsa rauni cikin maye. De Heer ya ziyarce shi a kurkuku, daga nan suka fara rubuta Charlie's Country tare. Labarin wani dattijo ne da 'yan sanda suka karɓe masa bindigar farauta da mashi, ya rasa wurin zama a gari da daji. Fim ɗin ya fito a 2013, a 2014 kuma ya jawo masa kyautar gwarzon ɗan wasa a wani sashe na bikin Cannes.

A 2017 likitoci suka gano yana da ciwon daji a huhu. Ya yi sauran kwanakinsa a Murray Bridge, a kudancin ƙasar, nesa da Arnhem, saboda jinya. A can ya rasu ran 29 ga Nuwamba, 2021. Bisa al'adar Yolngu ba a ambaton sunan mamaci har zuwa wani lokaci. Saboda haka danginsa suka roƙi a kira shi David Dalaithngu, jaridu da gidajen talabijin na ƙasar kuwa suka bi, har ranar da dangin suka ba da izini a koma ga sunan da duniya ta san shi da shi.