Daga Leƙen Asiri Zuwa Kujerar Minista: Waiwaye Kan Aliyu Muhammad Gusau

Manufar wannan maƙala ita ce nuna bambancin ikon ɓoye da ikon sarari, ta yin la'akari da aikin Janar Aliyu Muhammad Gusau. An haife shi a 1943. Ya shugabanci sashen leƙen asirin soja daga 1979 zuwa 1983. Shi ke riƙe da hukumar NSO a 1986, yayin da gwamnatin Babangida ta rushe ta, ta maye gurbinta da SSS da NIA da DIA. Daga 1999 zuwa 2006 kuwa shi ne mai ba Shugaba Obasanjo shawara kan tsaro.

A waɗannan muƙamai, magabatansa kaɗai yake yi wa bayani. Da Shugaba Jonathan ya naɗa shi ministan tsaro a watan Maris 2014, sai lamarin ya sauya. A Afrilu aka sace ɗaliban Chibok, a Agusta Gwoza ta faɗa hannun Boko Haram, jama'a suka shiga neman ba'asi a fili. Ya sauka a Mayu 2015.

Ke nan, tarihi yana auna minista da abin da ya auku a idon kowa, alhali nasarar jami'in asiri ita ce fitinar da ya kashe tun ba ta tashi ba, wadda ba kasafai take barin shaida ba.