Kafin Abdu Zanga: Abin da Sunayen Unguwannin Keffi Suka Riƙe

A 1867 wani Bajamushe matafiyi, Gerhard Rohlfs, wanda ya taso daga Kukawa ta Barno ya bi ta Bauchi, ya yada zango a wani gari mai kasuwa kafin ya gangara Binuwai. Ya rubuta sunan garin Keffi Abd-es-Senga. Duk Bahaushen da ya karanta wannan a bayyane zai gane abin da kunnen baƙon ya ji: Kafin Abdu Zanga.

Kafi shi ne shingen itatuwa da ake kakkafawa a kewaye mazauni don tsaro, tun ba a kai ga gina ganuwar ƙasa ba. Garuruwa da dama sun fara a haka, suka girma da sunan: Kafin Hausa a Jigawa, Kafin Madaki a Bauchi, Kafin Maiyaki a Kano, Kafin Soli a Katsina. Kowannensu ya riƙe rabin sunansa na biyu, wanda ke faɗin mai kafin. Na Abdu Zanga, Bafillacen da ya zo daga ƙasar Katsina ya kafa garin wajen 1800, shi ne ya yi suna har aka daina buƙatar a ce na wane ne. Alƙalamin Turawa kuwa, wanda ya mai da Kabi ta koma Kebbi, Yalwa ta koma Yelwa, shi ya mai da Kafi ya zama Keffi. Yau sai ka iske yaro haifaffen garin bai taɓa haɗa sunan garinsu da kalmar kafi ba, don abin da ya gani a allon makaranta shi ya zauna masa.

Idan sunan gari sukutum ya iya ɓoye ma'anarsa haka, ina ga na unguwa?

Mu fara da ƙofofi. Har gobe ana cewa Ƙofar Hausa, Ƙofar Kokona, Ƙofar Goriya, ko da yake mai wucewa ba zai ga ƙyaure ko sarkin ƙofa ba. A tsarin birane masu ganuwa, ƙofa kan ɗauki sunan inda hanyarta ta nufa ko na mutanen da ke shigowa ta nan. Ƙofar Kokona ta ambaci maƙwabciyar Keffi da sunanta. Ƙofar Hausa kuma tana tuna mana cewa a wannan yanki Hausa wata ƙasa ce da ake zuwa daga gare ta, ƙasar fatake da malamai, domin garin ya tashi ne a tsakiyar Gwandara da Gade da Yeskwa da Afo da Gwari. Wanda ya jera sunayen ƙofofin nan a takarda, ya ja layi tsakaninsu, ya fara zana iyakar tsohon gari ke nan. Angwan Waje ta ƙarasa masa aikin, don ba a kiran wuri waje sai akwai cikin da aka sani.

Sai sarautu. Cikin gundumomi goma na ƙaramar hukumar Keffi akwai Angwan Iya ta ɗaya da ta biyu. Baƙo zai iya zaton wata tsohuwa ce aka girmama, amma Iya sarauta ce babba, wadda aka fi sani da ita a Zazzau. Hakan ba abin mamaki ba ne, domin Keffi ta yi zamanta a ƙarƙashin Zazzau, tana kai gaisuwa Zariya kamar Nasarawa da Jama'a. A da, mai sarauta kan zauna da barorinsa da dawakinsa da masu cin arziƙinsa a gefe guda na gari, sai wurin ya ci sunan sarautar, ko mai ita ya rasu sunan na nan. Gundumar Liman Abaji ma a wannan layi take, sai dai ita limanci ta ɗauko.

Ita kanta kalmar Angwan shaida ce. Bakano zai ce Unguwar Rimi, amma a allunan Keffi Angwan Rimi za ka gani. Hausar Zazzau ta daɗe da sakin bambancin namiji da mace a irin wannan gaɓa, haka kuma Hausar da ƙabilu ke haɗuwa a kanta a kasuwannin kudancin Arewa. Mai gaggawar gyara wa mutane baki zai ce kuskure ne. Mai nazari kuwa zai ga hanyar da harshen ya biyo kafin ya iso nan.

Akwai sunayen da ƙasa ce ta raɗa su. Tudun Ƙofa da Gangaren Tudu suna faɗa maka inda ƙafa za ta hau da inda za ta sauka, da inda ruwan damina ke bi ya nufi rafin Antau. Angwan Rimi ta ci sunan itacen da ake hangowa daga nesa, wanda fatake kan yi alama da shi. Angwan Lambu ta nuna cewa a da kayan miya ake nomawa a wurin. Tun da jami'ar jiha ta fara aiki a 2002, abin da ke tsirowa a lambun sai ɗakunan haya na ɗalibai, kuma kaɗan ne daga cikinsu ke tsayawa su tambayi lambun wa aka sayar.

Sannan sunayen baƙi da na hukuma: Sabon Gari, Tudun Wada, Angwan Tiv, Angwan Mada. Waɗannan suna ba da labarin wanda ya zo daga baya da inda aka ba shi wurin zama. Akwai High Court, unguwar da kotu ta ba ta suna, da Angwan NEPA, wadda ta fi hukumar lantarkin daɗewa, don an rushe NEPA tun 2005 amma ɗan acaɓa bai san da wannan ba.

Inda taswira da tunanin mutane suka fi rabuwa shi ne kan abin da ya faru a watan Oktoban 1902. A lokacin ne Magajin Keffi Ɗan Yamusa, wakilin Sarkin Zazzau a garin, ya kashe Razdan Kyaftin Moloney. Magaji ya tsere Kano, Sarki Alu ya karɓe shi hannu biyu, Lugga, shugaban Turawan mulkin mallaka, kuma ya riƙe wannan a cikin hujjojinsa na auka wa Kano a Fabrairun 1903. A yaƙin Burmi Ɗan Yamusa ya cika tare da Sarkin Musulmi Attahiru a watan Yulin wannan shekara. Taswirar Turawa ta ba Moloney dutse guda a Keffi, inda kabarinsa yake, ga shi har yau ana kiran wurin da sunansa. Ba ta ba Magaji ko lungu ba. Amma sunan Yamusa ya bi ta wata hanyar: Sarki Muhammadu Cindo Yamusa na biyu ya hau karaga a 1978 ya yi mulki har 2015, ɗansa Dokta Shehu Cindo Yamusa na uku ya gaje shi. Wanda ya dogara ga taswira kaɗai zai ji rabin labari.

Haka abin yake har a cikin lungu. Tsaya a bakin wani zaure a cikin gari ka tambayi dattijuwa gidan wani. Ba za ta ce maka lamba kaza titi kaza ba. Za ta fara da, "Yaro, kai ɗan gidan wa ne?" In ta gamsu, sai ta ce ka bi ta bayan masallaci, ka wuce gidan maƙera, ka karya daidai inda rijiya take a da. Maƙeran sun daɗe da kashe wuta, rijiyar an cike ta an ɗora shagon cajin waya, amma kwatancen bai ɓata ba ga wanda ya san gari. A bakinta kowane gida yana da asali: waɗannan kakansu da goro ya zo, waɗancan almajiranci ya kawo su, wancan zauren kuwa can ake sauke baƙin fatake. Ta san wa ya auri wa, da gidan da aka raba gado aka ja katanga a tsakiya.

Ita taswirar hukuma wani aikin gare ta. Keffi ta zauna a Lardin Nasarawa, ta koma Lardin Binuwai, ta shiga Jihar Binuwai-Filato a 1967, Filato a 1976, sannan Nasarawa ranar 1 ga Oktoba, 1996. Kowace gwamnati ta zo da nata layin da nata rubutun suna, don haraji ko ƙidaya ko zaɓe. Gunduma ɗaya takan haɗiye ƙananan unguwanni masu yawa, kuma sunan da bai shiga takarda ba shi ne farkon ɓacewa. Tun da aka mai da babban birni Abuja a 1991, mai nisan kilomita hamsin ko sama da haka kaɗan, filayen Keffi suka yi daraja. Ana sayar da tsohon gida, a rushe zaure, a gina bene, magada su watse zuwa bayan gari. Da zarar an yi haka, babu sauran wanda zai ce wa mai tambaya nan ne gidan wane.

Maganin ba ya buƙatar kuɗi masu yawa. Masu unguwanni suna nan, limaman masallatai suna nan, tsofaffin mata da suka shiga kowane gida biki da suna suna nan. Jami'a kuma tana da sashen tarihi da na labarin ƙasa, da ɗalibai masu neman abin rubutawa kowace shekara. A ɗauki unguwa guda, a buga hotonta na tauraron ɗan'adam a babbar takarda, a shimfiɗa a zaure, a bar dattawa su ɗora yatsa suna faɗa. Tambayoyi huɗu sun isa: wa ya fara zama a nan, daga ina ya zo, me yake yi, yaya ake kiran wurin kafin wannan suna? Inda ruwaya ta saɓa, a rubuta duka biyun tare da gidan da kowacce ta fito. In an kammala, a ajiye kwafi a fada, wani a jami'a, wani a hannun mai unguwa. Kuma duk ranar da ƙaramar hukuma ta tashi raɗa wa tituna suna, ta fara duba wannan kundi kafin ta ba mai fenti kwangilar allo.