Ciwon hanta a gidajenmu: gado ne ko sakaci?

Jama'a, a ƙauyukanmu na Ɗambatta, Makoɗa da Kunci, idan magidanci ya rasu da kumburin ciki da shawara, aka tuna yayansa ma haka ya tafi, sai ka ji an ce gadon gidan ne, wasu su ce sammu. Ni dai ina ganin tarihin ciwon hanta nau'in B ya isa ya raba mana gardama.

A 1957 wani likita Ba'amurke, Baruch Blumberg, ya zo Najeriya ya ɗebi jinin mutane, har da Fulani makiyaya, yana binciken yadda jinin al'ummomi ya bambanta ta hanyar gado. A 1965 ya ba da labarin wani sinadari da ya gani a jinin wani ɗan asalin Ostireliya. Da fari shi ma ya zaci gadonsa ake yi. Daga baya aka gane ɓangare ne na ƙwayar cutar. Wannan aiki ya ba shi kyautar Nobel a 1976.

To, ba a ce gado ba shi da hannu ba. A 1995 bincike a Gambiya ya nuna masu wani nau'in ƙwayar halittar garkuwar jiki, HLA-DRB1*1302, sun fi saurin kakkaɓe cutar daga jininsu. A 2009 masana a Japan suka gano irin haka a HLA-DP. Aikin waɗannan ƙwayoyin halitta shi ne nuna wa dakarun jiki fuskar abokin gaba, wani nasa ya fi na wani iya nuni.

Amma lokacin kamuwa ya fi gado ƙarfi nesa ba kusa ba. Jaririn da ya kamu wajen haihuwa, kusan 90 cikin 100 cutar za ta zauna masa har girma. Baligi kuwa ƙasa da 5 cikin 100. Ke nan abin da muke kira gado, sau da yawa daga jinin uwa ne, ko cuɗanyar yara, ko aska ɗaya da aka yi wa yara da yawa kaciya da tsaga. Ga gyaɗa da masara masu fumfuna a rumbu, gubarsu na ƙara haɗarin dajin hanta.

Najeriya ta sa allurar rigakafin cutar cikin jadawalin yara a 2004, shekarar da Kano ta janye dakatar da rigakafin shan inna. Allura ta zo lokacin da zukata ke cike da zargi. Binciken ƙasa na 2018 ya samu cutar a jikin kashi 8.1 cikin 100 na manya.

Allurar farko ana son ta cikin awa 24 da haihuwa. Mu kuwa a gida ake haihuwa, sai an yi suna ake maganar asibiti. Don Allah maigida, ko mai jego ba ta fita, kaka ko gwaggo ta kai jariri asibiti ranar. Mai ciki ta yi gwaji, wanzami ya sa sabuwar reza. Ƙwayar halitta ba mu muka zaɓa ba, amma wannan yana hannunmu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.