Yadda Rikicin Kaji Ya Tsawwala Harajin Motocin Kaya a Amurka

A farkon shekarun 1960 kajin Amurka masu araha suka cika kasuwannin Turai, manoman Faransa da Jamus ta Yamma suka koka, aka lafta wa kajin haraji. Shugaban Amurka Lyndon Johnson ya rama: daga Janairun 1964, duk ƙaramar motar kaya da aka shigo da ita Amurka sai ta biya kashi 25 cikin ɗari. Kamfanin motocin Jamus Volkswagen aka nufa, kuma ya ji a jikinsa.

Masu ƙera motoci suka shiga neman dabara. A 1978 Subaru ya kafe kujerun roba biyu a bayan akori-kurarsa BRAT, suna kallon baya, don kwastan su ɗauke ta motar fasinja.

Ford ya fi kowa nisa. Daga 2009 ya riƙa kawo motocin Transit Connect daga Turkiyya da kujerun baya, yana biyan harajin motar fasinja na kashi 2.5 kacal. Da motocin sun fita hannun kwastan a Baltimore, sai a kwance kujerun a sayar wa masu sana'a da motocin. Bayan shekaru ana shari'a, a Maris 2024 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 365.