Malamin Katsina da lambobin da ba sa rabuwa

A shekarar 1741 wani malami Bakatsine ya rasu a birnin Alƙahira, a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Sunansa Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Kashinawi. Ya yi karatu a ƙasar Hausa, ya sauke farali a Makka, sannan ya zauna a Masar. A wajajen 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan ilimin awfaƙu, wato abin da Bahaushe ya sani da hatimi.

Yau da zarar an ce hatimi, sai hankali ya koma kan allo da laya. Amma gininsa lissafi ne tsantsa. Ana zana gidaje, a zuba musu lambobi ta yadda kowane layi, na tsaye da na kwance da na karkace, zai ba da jimla ɗaya. Mai gida uku-uku yana ba da 15, mai biyar-biyar 65, mai bakwai-bakwai 175. Al-Kashinawi ya bayyana hanyoyin gina hatimin da adadin gidajen gefensa wuturi ne.

A nan ne lambobin da ba sa rabuwa suke shigowa, wato waɗanda babu mai raba su daidai sai ɗaya da su kansu, kamar 5, 7, 11 da 13. Idan gefen hatimi ɗaya ne daga cikinsu, matuƙar ya haura uku, ana iya cika shi da taku iri ɗaya, irin tsallen doki a wasan shaɗaranji, har layukan karkace da suka karye a baki su ma su ba da jimlar. A kan 9 ko 15 wannan taku yakan ci tura, domin uku tana raba su. Ke nan mai zana hatimi bai isa ya tsaya ga sanin shafa'i da wuturi ba, sai ya san me ke raba lambar da ke hannunsa.

Wannan tambaya ce ta dami wani masani a Rasha a daidai lokacin. Tun da farko Pierre de Fermat na Faransa ya zaci 4,294,967,297 ba ta rabuwa. A 1732 Leonhard Euler ya nuna 641 tana raba ta. A 1772 kuma ya tabbatar 2,147,483,647 ba ta rabuwa. Irin wannan lamba, da ake samu ta hanyar ninka biyu sau da yawa a cire ɗaya, ana jingina ta ga Marin Mersenne. Wadda aka gano a Oktoban 2024 daga wannan dangi tana da alƙaluma 41,024,320.

Abin ya wuce wasa ƙwaƙwalwa. Tsarin RSA na 1977, wanda aka daɗe ana tsare bayanai da shi a intanet, ya dogara ne ga wahalar gano manyan lambobi biyu marasa rabuwa da aka ninka da juna.

Ɗalibi a Katsina ko Birnin Kebbi yakan fara jin labarin waɗannan lambobi da Turanci, sai ya ɗauka baƙin ilimi ne. Ba a cika gaya masa ba cewa kusan shekaru ɗari uku da suka wuce, wani malami daga ƙasarsa ya rubuta littafi a kan halayen lambobi, har malaman Alƙahira suka karrama shi.