Yadda ake kula da tirela mai rufi da matakan ɗauka idan taya ta yi faci

Tirela mai rufi ita ce wadda aka kewaye bodinta da bango da rufi da ƙofa, domin kare kaya daga ruwan sama da ƙura da ɓarayi. Akwai ƙanana da mota ke ja, akwai kuma manya da ke jigilar sukari da fulawa da magunguna tsakanin Legas da Kano. Kowace iri ce, lafiyarta ta dogara ne ga bodi da boris da birki da kuma taya.

Rufi ne farkon abin dubawa kafin faɗuwar damina. Ƙaramar tsaga a mahaɗar ƙarfe ta isa ta shigar da ruwan da zai jiƙa kaya, ya ruɓar da katakon ƙasa, ya haifar da tsatsa. Ana toshe irin wannan kafa tun tana ƙarama, a kuma sauya robar bakin ƙofa idan ta bushe. Boris na buƙatar giris a kan kari. Idan aka tsaya aka ji cibiyar wata ƙafa ta fi sauran zafi, to ko dai boris ya bushe ko birki na kamawa, kuma duka biyun na iya jawo gobara.

Taya kuwa ta fi kowane sashe shan wahala. Manyan abubuwan da ke kashe ta su ne ƙarancin iska da lodin da ya wuce kima da tsufa. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa yayin juyawa, ta ɗauki zafi har ta fashe, musamman a bazara lokacin da kwalta ke turiri. Ana gwada iska ne da safe kafin a fara tafiya. Kuskure ne a rage iskar tayar da ta yi zafi a hanya, domin da ta huce za ta koma ƙasa da ma'auni.

Ana gane shekarun taya daga lambobi huɗu da ke ƙarshen rubutun DOT a gefenta. Idan an rubuta 2319, an ƙera ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Roba na tsufa ko da ba a hau ta ba, shi ya sa Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, take yawan gargaɗi kan tsofaffin tayoyi da na gwanjo. A inda ake jera taya biyu a gefe guda, ɗaya na iya sacewa ba a lura ba, 'yar uwarta ta ɗauki nauyin biyu. Wannan ne dalilin da yaran mota ke ƙwanƙwasa kowace taya da ƙarfe a duk zango.

Idan taya ta fashe ana cikin gudu, direba ya riƙe sitiyari da ƙarfi, ya sassauta totur a hankali, kada ya danna birki da ƙarfi, domin hakan na iya kifar da tirelar. Sai ya gangara gefen hanya inda ƙasa ke da tauri, ya kunna fitilun gargaɗi, ya ajiye alama mai kusurwa uku nesa da bayan motar. Ganyen da wasu ke zubawa a kan titi ba ya ganuwa da dare.

Kafin a ɗaga, ana datse sauran ƙafafu da katako, a sassauta notuna tun tayar na ƙasa, sannan a kafa jak a kan faffaɗan katako. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin tirelar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Bayan an sa safaya, ana ɗaure notuna ta hanyar tsallakawa daga ɗaya zuwa na daura da shi, a sake ɗaure su bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100.

Hujin ƙusa a tsakiyar taya mai faci na iya gyarawa. Amma wadda ta tsage ko ta kumbura a gefe ta gama aiki, kuma mayar da ita kan hanya wasa ne da rayukan jama'a.